Gidan silima na unguwa

A shekarun 1960, gidajen silima da yawa a Nijar ba su da rufi. Sai dare ya yi ake soma wasa. Masu ƙaramin kuɗi suna zama gaba, bisa benci.

Fina-finan ba sabbi ba ne. Kamfanonin Faransa biyu, COMACICO da SECMA, suke kawo su bayan sun zagaya wasu ƙasashe. Fim ɗin da ya tsufa yakan tsinke, ƴan kallo su yi ta kuwa har a gyara.

Galibi labarun Indiya da Amurka ake nunawa. Amma ƴan Nijar ma sun yi nasu. A 1972, fim ɗin Umaru Ganda ya ci babbar kyauta a Wagadugu.

Tambaya: Don mi fim yakan tsinke?