Nazari a Kan Sabuwar Kwamfutar da Ta Ƙi Tashi

1.0 Gabatarwa

Mutum ne ya tara kuɗinsa, ya sayo kayan kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, ya zauna ya harhaɗa su da hannunsa, ya danna maɓalli, sai ya ji shiru. A nan ne da yawa kan ruɗe, su shiga zare wannan suna cusa wancan, har su lalata abin da yake lafiya lau. Manufar wannan maƙala ita ce nuna hanyar binciken irin wannan matsala daki-daki. Domin sauƙaƙawa, za mu kira babban falle da ake kafa sauran kayan a kansa "uwar allo", abin da ke raba wa sassa lantarki "akwatin wuta", firosesa kuwa "ƙwaƙwalwa".

2.0 Yadda Kwamfuta Ke Tashi

Da zarar an danna maɓalli, akwatin wuta zai saki lantarki, ƙwaƙwalwa ta farka ta karanta wani ɗan shiri da ke ajiye a jikin uwar allo, wato BIOS, wanda a injunan yanzu UEFI ya gaje shi. Shirin nan zai duba ƙwaƙwalwa da RAM da katin hoto, sannan ya nemi faifan da babbar manhaja take ciki. Tun kwamfutar IBM ta 1981 ake da wannan gwaji na farko. Ke nan tashi hawa-hawa ne, kuma aikin mai bincike shi ne gano matakalar da injin ya tsaya.

3.0 Idan Babu Motsi Ko Kaɗan

In fanka ba ta juya ba, fitila ba ta kama ba, to maganar wuta ce. A fara da soket da makunnin da ke bayan akwatin wuta. Wasu tsofaffi ko masu arha suna da ɗan jan makunni na zaɓi tsakanin bolt 115 da 230. Lantarkin Nijeriya da Nijar na rukunin 230 ne, wanda ya jona akwatin yana kan 115 zai iya ƙona shi nan take.

Daga nan sai wayoyi biyu da ke shiga uwar allo: babba mai haƙori 24, da ƙarama mai 8 ko 4 da ke kusa da ƙwaƙwalwa, wadda sababbin hannu suka fi mantawa da ita. Haka kuma siririyar wayar maɓalli takan faɗa kan haƙoran da ba nata ba. Ana tabbatar da wannan ta hanyar taɓa haƙoran maɓallin guda biyu da bakin sukuddireba na ɗan lokaci. In injin ya tashi, laifin wayar ne ko maɓallin.

Akwai kuma 'yan ginshiƙan ƙarfe da ke ɗaga uwar allo daga jikin gidanta. Ginshiƙi ɗaya da aka ɗaura inda babu rami ya isa ya haɗa wuta ya hana tashi.

4.0 Idan Fanka Na Juyawa Amma Babu Hoto

Wannan ya fi yawa, kuma RAM ce kan gaba wajen jawo shi. Sandar RAM tana bukatar a danna ta sosai har maƙallanta su rufe. A allon da ke da gurbi huɗu, galibi na biyu da na huɗu daga wajen ƙwaƙwalwa ake fara cikawa. DDR4 da DDR5 duk haƙori 288 gare su, amma tsagarsu ba wuri ɗaya take ba, don haka kada a tilasta wa ɗaya shiga gurbin ɗaya. Daɗin daɗawa, DDR5 takan ɗauki mintoci tana daidaita kanta a tashin farko, monita kuwa baƙi ƙirin. Wanda ya yi gaggawar kashewa zai zaci lalacewa ce.

Abu na biyu shi ne wayar monita. In akwai katin hoto, jikinsa za a soka ta, ba jikin uwar allo ba. Alal misali, ƙwaƙwalwar Intel da lambarta ta ƙare da harafin F ba ta fitar da hoto da kanta sam.

Na uku, allo ya girmi ƙwaƙwalwa. Da AMD ta fito da Ryzen 5000 a 2020, alluna irin su B450 ba su gane ta ba sai da aka sabunta musu BIOS, ko da yake mazauninsu ɗaya. Wasu alluna suna da maɓallin yin wannan sabuntawa da filashi ba tare da ƙwaƙwalwa ba.

Alluna da dama suna da 'yan fitilu huɗu, na ƙwaƙwalwa da RAM da hoto da faifai. Wadda ta tsaya a kunne ita ke nuna inda gizo ke saƙar. In saiti ne ya rikice, a zare wuta, a cire ɗan batir ɗin nan CR2032 na wasu mintoci, a mayar.

5.0 Idan Hoto Ya Fito Amma Manhaja Ba Ta Hau Ba

Nan an ci rabin yaƙi. Sabon faifai fanko yake zuwa, dole a ɗora masa manhaja daga filashi. A lura cewa Windows 11, wadda ta fito a 2021, tana bukatar UEFI da TPM 2.0, kuma wani lokaci sai an shiga saiti an kunna shi.

6.0 Kammalawa

In duk wannan bai yi ba, a fito da uwar allo a ɗora kan kwalinta, a bar mata ƙwaƙwalwa da fankarta da sandar RAM ɗaya da akwatin wuta, da katin hoto in ya zama dole. In ta tashi, a riƙa ƙara kaya ɗaya-ɗaya har mai laifin ya bayyana. Ƙa'idar ita ce a canza abu ɗaya kawai kafin kowane gwaji, kuma a zare wuta kafin a taɓa komai. A lokacin hunturu, da iska ke bushewa, jiki kan tara lantarkin da ke iya kashe sassa, saboda haka a taɓa ƙarfen gidan tukuna. Hausawa dai sun ce sannu ba ta hana zuwa.