KAMUN DA CIWON CIKI

Ciwon ciki iri iri ne. Akwai wanda ya ke zuwa bayan mutum ya cika cikinsa da wake ko ɗanwake ko nama mai kitse, ya kwana ɗaya ya wuce. Akwai kuma wanda in ba a kai mai shi asibiti da wuri ba, ya kan yi ajalinsa. Kamun yana da amfani ga na farkon, amma ba ya taɓuka kome ga na biyun. Saboda haka ya wajaba kowane mai gida da uwar gida su iya rarrabe su.

Menene kamun?

Kamun 'ya'yan wani ɗan tsiro ne dangin karas, wanda tsawonsa bai cika wuce kamu ɗaya ba. 'Ya'yan sirara ne, dogaye kaɗan, masu ruwan ƙasa, da ƙamshi mai ƙarfi da ɗan ɗaci. Larabawa suna ce masa kammun, mutanen Indiya kuwa jira. Tun zamanin Fir'aunonin Masar a ke amfani da shi. Yanzu Indiya ce ta fi kowace ƙasa nomansa, musamman a jihohin Gujarat da Rajastan, ana kuma samunsa a Siriya da Turkiyya da Iran. A kan same shi wurin masu sayar da kayan yaji, tare da citta da kanumfari da masoro.

Kada a rikita shi da habbatus sauda. Ita baƙa ce, ƙanana, kuma tsironta dabam ne, ko da ya ke waɗansu 'yan kasuwa su kan kira ta baƙin kamun.

Yadda ya ke aiki

Idan abinci ya daɗe cikin hanji bai narke sosai ba, ƙananan halittun da ke zaune a hanjin su kan ci shi, su haifar da iska. Iskar nan ita ce ke kumbura ciki, ta sa hanji ya riƙa murɗawa. A cikin 'ya'yan kamun akwai wani ɗan mai, shi ne ke ba shi ƙamshi. Gwajin da aka yi da dabbobi ya nuna cewa kamun yana ƙara fitowar ruwan da ke narkar da abinci, yana kuma sassauta murɗawar hanji.

A shekarar 2013 waɗansu likitoci a Iran suka ba mutum 57 masu fama da yawan kumburi da murɗawar ciki ruwan kamun da aka tace, suka ga ciwon ya ragu. Amma gwajin ƙarami ne, kuma ba a auna su da waɗansu da ba su sha ba. Don haka abin da za a iya cewa shi ne, kamun taimako ne ga ƙaramin ciwo, bai kai matsayin maganin asibiti ba.

Yadda a ke haɗa shi

1. A sayi 'ya'yan da ba a niƙa ba, gama gari ya fi saurin rasa ƙamshi, kuma a kan gauraya shi da wani abu. A tsince tsakuwa da ƙura.

2. A ɗebi ƙaramin cokali ɗaya, irin na shayi, a ɗan soya shi a busasshiyar tukunya har ƙamshi ya tashi. Kada a bari ya ƙone.

3. A zuba ruwa mai tsabta kofi ɗaya, a rufe, a bar shi ya tafasa kamar minti 5.

4. A tace, a sha da ɗumi bayan cin abinci. Sau 2 ko 3 a yini ya isa babban mutum.

Ba a ƙara masa kanwa. Man kamun na cikin kwalba kuwa yana da ƙarfi ƙwarai, ba a shansa. Wanda wake ke damunsa ya jiƙa waken ya kwana, ya zubar da ruwan, sa'an nan ya dafa shi da ɗan kamun. Rigakafi ya fi magani.

Waɗanda za su yi hattara

Jaririn da bai kai wata 6 ba, ba a ba shi ruwan kamun ko wani jiƙo, nonon uwa kaɗai ya ishe shi. Mace mai ciki ta tsaya ga ɗan abin da a ke sa wa miya, kada ta sha shi a matsayin magani. Mai ciwon sukari da ke shan ƙwaya ko yin allura ya shawarci likita tukuna, domin kamun ya kan iya ƙara saukar da sukari. Wanda ya sha ya ga ƙuraje ko ƙaiƙayi, ya bari.

Ciwon da ba na gida ba

Nan ne wurin da a ke yin asarar rayuka. A gaggauta zuwa asibiti idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Ciwo ya fara a cibiya, sa'an nan ya koma ƙasan ciki wajen dama, tare da amai ko zazzaɓi. Wannan alamar kumburin wani ɗan reshen hanji ce da a ke kira afendis. In ya fashe, sai ruɓa ta bazu cikin ciki.

2. Ciki ya yi tauri kamar katako, mai shi ba ya yarda a taɓa, musamman bayan zazzaɓin da ya yi mako biyu ko uku. Taifot ya kan huda hanji.

3. Aman jini, ko bayan gida baƙi ƙirin ko mai jini.

4. Ciki ya kumbura, ga amai, ba bayan gida, ba fitar iska, ko kuma gwaiwa ta fito ta ƙi komawa.

5. Matar da ta yi ɓatan wata ta ji ciwo mai tsanani a mara, ko jiri, ko zubar jini.

6. Ciwon da ya wuce kwana 2 bai yi sauƙi ba, ko wanda ya ke ta dawowa mutum yana ramewa.

Mai irin wannan ciwo ba a ba shi maganin wankin ciki, ba a kuma tsaya jiran jiƙo ya yi aiki.

Amai da gudawa ma ba aikin kamun ba ne. Abin da ke kashewa a nan shi ne ƙarewar ruwan jiki. A haɗa ruwa mai tsabta lita 1 da sukari ƙaramin cokali 6 a shafe da gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa ba maras lafiya kaɗan kaɗan har a isa asibiti.

Abin tunawa

Ciwon da ya zo bayan cin abinci, ciki da laushi, ba zazzaɓi, ba jini, kuma ya ragu da fitar iska, shi ne na kamun. Duk wanda ya saɓa wa wannan, na likita ne. Wanda ya karanta wannan takarda ya bayyana ta ga waɗanda ba su iya karatu ba, musamman tsofaffin gida, gama su ne a ke fara kira idan ciki ya murɗa da dare.