Zama da Wanda Ajalinsa Ya Gabato

Ya kai mai karatu, sa'anda likita ya ce an yi iyakacin ƙoƙari, a koma da majinyaci gida, mutane da yawa su kan zaci aikin jinya ya ƙare ke nan. Masu dubiya su kan ragu, waɗanda su ka zo kuwa su tsaya daga bakin ƙofa, su ce Allah ya sawwaƙe, su juya da sauri. Amma mutumin yana nan da ransa tukuna, yana jin ƙishi, yana jin tsoro, yana kuma lura da wanda ya zo da wanda ya daina zuwa.

A ƙasashen Turai akwai gidajen da a ke kira hospis, watau gidan jinyar waɗanda cutarsu ba ta da warkewa. Waɗansu mata masu zaman zuhudu sun buɗe irinsa a Dablin cikin 1879, da kuma a Landan cikin 1905. Amma wadda ta sa aikin bisa tsarin da a ke bi yau ita ce Cicely Saunders, mutuniyar Ingila. Cikin 1948 ta riƙa zama wurin wani Bayahude ɗan gudun hijira daga Folan, sunansa David Tasma, wanda ciwon daji ke ci, ba shi da dangi kusa. Da ya rasu ya bar mata fam 500 domin gidan da su ka yi ta zancensa. Ka lura, ita ma da aikin sa kai ta fara, tana zuwa da maraice tana taimako a wani gidan masu mutuwa. Daga baya ta koyi aikin likita, ta buɗe gidan St Christopher a Landan cikin 1967, a can kuma ta rasu cikin 2005.

Abu biyu ta koya wa duniya. Na fari, kada a jira azaba ta taso kāna a ba da magani. A ba da mofin a kan kari, sa'a huɗu huɗu, domin zafin kada ya sami hanyar komowa. Na biyu, zafin mai mutuwa ba na jiki kaɗai ba ne. Akwai na zuciya, da damuwa saboda iyali da bashi, da tambayar abin da ke gaba. Likita ya iya na jiki. Sauran kuwa sai mai zama, gama ba a auna su da cokali. Wannan koyarwa ta iso Afirka: Likita Anne Merriman ta kafa irin aikin a Kampala ta Yuganda cikin 1993, da ruwan mofin mai araha wanda a ke kai wa mutane har gidajensu. Saboda haka kada ka ce ba mu da irin ginin nan a garinmu. Yawancin mutanenmu a ɗakunansu su ke cikawa, a can kuwa a ke bukatarka.

In ka shiga, ka yi sallama, ka zauna ƙasa ƙasa inda zai ga fuskarka. Kada ka yi zancensa da waɗansu a kansa sai ka ce ba ya nan. Ko da ya rufe ido bai amsa ba, sau da yawa kunne yana ji. In ya ƙi abinci kada a ɗura masa, gama jiki mai gabatowa ga ƙarshe ba ya neman tuwo, ɗure kuwa ya kan sa ya shaƙe. Sai ka jiƙa ƙyalle mai tsabta ka shafa masa a leɓe, a kuma riƙa juya shi a hankali bayan kamar sa'a biyu, domin kada bayansa ya yi gyambo. Numfashinsa ya kan sāke, ya tsaya kaɗan ya komo, wani lokaci da gurnani a maƙogwaro. Ka kwantar da hankalin iyalin, ka gaya musu haka ya kan zama. Maganar magani kuwa ba taka ba ce. In ka ga yana shan azaba, ka tafi ka faɗa wa likita ko malamin asibiti, kada ka ƙara, kada ka rage.

Mafi wuya duka shi ne riƙe baki. Abokan Ayuba sun zauna tare da shi a ƙasa kwana bakwai ba su ce uffan ba, a lokacin nan ne su ka yi masa amfani. Da su ka buɗe baki sai su ka ƙara masa nauyi. In majinyaci ya ce, "Ina ji ba zan tashi ba," kada ka yi maza ka ce, "Haba, daina wannan magana, gobe za ka warke." Ya san ƙarya ka ke yi, daga nan kuma ya kulle zuciyarsa, ya ɗauki tsoronsa shi kaɗai. Gara ka ce, "Baba, me ya fi damunka?" Watakila akwai ɗan'uwan da su ka yi shekaru ba sa ga maciji, yana so a kira shi. Watakila akwai ajiyar wani a hannunsa, ko wasiyya a kan marayun da zai bari. Abin da ya gaya maka amana ne, ba na kaiwa dandali ba.

A nan dole in ja kunnen 'yan'uwana masu himma. Gadon mai mutuwa ba wurin gardamar addini ba ne, mutumin da ba shi da ƙarfin cewa a'a kuwa ba daidai ba ne a matsa masa. In ya roƙi addu'a, ka yi gajeruwa. In Musulmi ne maƙwabcinka, yana son malaminsa, kai ne za ka tashi ka kirawo shi.

Ka dubi mai jinya kuma. Sau da yawa mace ɗaya ce, matarsa ko 'yarsa, ta yi watanni ba ta yi barcin kirki ba. Ka ce, "Inna, je ki kwanta, ni zan zauna har la'asar." Ka ɗebo ruwa, ka kawo itace. Kada kuwa ka yi alkawarin da ba ka iya cikawa: zuwa sau ɗaya a mako wanda ba ya fashi ya fi zuwa kullum na kwana biyar sa'an nan a neme ka a rasa. In nauyin ya yi maka yawa, ku zama biyu ko uku kuna karɓa karɓa.

Bayan rasuwa gida ya kan cika da masu ta'aziyya, kwana uku, har bakwai. Sa'an nan a naɗe tabarmi, baƙi su watse, a bar gwauruwa da takalman mijinta a bakin ƙofa. Ka riƙe ranar a zuciyarka, ka koma bayan wata guda, ka sake komawa ran salla ko Kirsimati na fari da za a yi ba shi. Ka ambaci sunan marigayin, gama sauran mutane sun fara gudun ambatonsa. In ta fashe da kuka kada ka hana ta, ka zauna har ta gama.