Peugeot 504 ko Marsandi 200: Abin da Mai Saye Zai Duba

Mai neman tsohuwar mota yakan fara da tambayar ƙarfin inji, alhali a kan waɗannan biyun tambayar ba ta raba gardama. Peugeot 504, wato Fijo, da aka fito da ita a Faransa a 1968 daga baya ta samu inji mai lita 2, ƙarfin doki casa'in da 'yan kai. Marsandi 200 samfurin W123, wadda Jamus ta fara ƙerawa a 1976, ita ma lita 2 ce, doki 94. Sai dai Marsandi ta fi nauyi da sama da kilo 100, don haka wajen tashi Fijo ba ta jin kunya a gabanta. Inda suka rabu shi ne ƙarƙashi. Ƙafafun Fijo suna da dogon lilo mai shanye gargada, abin da ya taimaka mata ta lashe tseren Safari na Kenya a 1975, shekarar da aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna. Marsandi kuwa 'yar kwalta ce. Nan take zama daram, ba hayaniya.

Masu son Marsandi za su ce ai ta fi ƙarko, su kafa hujja da tasi-tasin Maroko da suka shekara da shekaru suna jigila. Gaskiyarsu, amma galibin waɗancan masu shan gas ne, kuma ƙarkon motar da ta haura shekara 40 ya dogara ne ga bakanike da kayan gyara. An ci gaba da haɗa 504 a Kaduna har bayan da Faransa ta daina, shi ya sa har gobe akwai tsofaffin bakanikai da suka san injinta kamar yunwar cikinsu. Gyaran Marsandi ba ya yawa, amma in ya zo aljihu zai ji a jikinsa.

Saboda haka in hanyarka burji ce, Fijo ta fi maka. In yawon gari da doguwar tafiya kan kwalta ne, ɗauki Marsandi. Kowace ka zaɓa, kada fenti ya ruɗe ka. A Marsandi, ciro batir ka duba mazauninsa, ka leƙa gurabun kafa jak, nan tsatsa ke ɓuya. A Fijo, buɗe murfin baƙin mai: in ka ga farin kumfa kamar kindirmo, mai yiwuwa ruwa ya ratsa gasket, aibin injin da ya sha tafasa. Inji ana sake shi. Gangar jikin da tsatsa ta cinye kuwa, walda sai dai ta rufa mata asiri na ɗan lokaci.