Awon Iska a Injin Mota da Sauye-sauyen Kanikawa a Ƙasar Haɗejiya

Gabatarwa

Bahaushe in zai yabi mota ko ya kushe ta, ta wajen mai yakan fara, ya ce wance tana shan mai, wance kuwa lasa kawai take yi. Ba a cika jin ya ambaci iska ba, alhali abin da inji ke zuƙa na iska ya ninka na mai nesa ba kusa ba. Manufar wannan ɗan nazari ita ce a bayyana wa 'yan'uwa ɗalibai, cikin harshen da muke nazari, yadda kwamfutar mota ke auna iskar da ke shiga inji, da abin da kan biyo baya in aka sauya wa motar wani abu. An ɗauki ƙasar Haɗejiya don misali, domin a can ƙura da zafi da ruwa suka taru wa mota. Maganar kuma ta ƙara nauyi tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, kowace lita ta zama abin lissafi ga direba.

Yadda ake awon

Fetur ba ya ƙonewa sarai sai ya sami iska daidai gwargwado, watau giram 14.7 na iska ga kowane giram 1 na fetur. Lita guda ke nan tana bukatar iska wajen lita 9,000. In iska ta gaza, sai baƙin hayaƙi da asarar mai. In kuwa ta zarce, inji ya ɗau zafi, ƙarfinsa ya ragu, har bawul ya ƙone.

A zamanin Peugeot 504, wadda aka riƙa haɗawa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975, kafireta ke wannan awo, bakanike kuma da sukudireba da kunnensa yake daidaita ta. Motocin Kwatano da suka biyo baya masu injekta ne, kwamfuta ke ba su mai. Kanikawa na kiranta burenbos, watau akwatin ƙwaƙwalwa. Abin lura a nan shi ne, wannan kwamfuta ba ta auna man da ke wucewa. Iska take ƙiyastawa, sa'an nan ta lissafa tsawon lokacin da za ta buɗe bakin injekta.

Hanyoyin ƙiyasin uku ne, kuma duk ana samunsu a tashar motar Haɗejiya. Golf 3 mai injin 1.8 tana duba yawan buɗewar totur da gudun inji, ta nemi amsa a jadawalin da aka haddasar mata. Peugeot 406 kuwa matsin iskar da ke cikin bututun shiga take aunawa, ta haɗa da zafinta da gudun inji. Wannan dabara ta samo asali ne daga na'urar da kamfanin Bosch na Jamus ya sa wa Volkswagen a 1967.

Hanya ta uku, wadda ke cikin Corolla ƙirar 2003 da na bayanta, ita ta fi cancantar a tsaya a kanta. A bayan matatar iska akwai wata siririyar waya da lantarki ke ɗumamawa. Iskar da ke wucewa tana sanyaya ta, kamar yadda mutum ke hura kunu mai zafi, na'urar kuma tana ƙara wuta don wayar ta zauna a zafinta. Yawan wutar da aka ƙara shi ke nuna nauyin iskar da ta wuce. Amfanin auna nauyi a fili yake ga wanda ya san yanayin Haɗejiya. Iskar asubar hunturu mai digiri 15 da ta tsakar ranar Afrilu mai digiri 42 ba nauyinsu ɗaya ba. Ta bazara ta gaza da kusan kashi 9 cikin 100, ko da mazubin bai sauya ba.

Daɗin daɗawa, akwai shaida a bututun hayaƙi, watau ma'aunin iskar oksijin, wanda ya fara fitowa a motocin Volvo a 1976. Shi ke gaya wa kwamfuta ko haɗin ya yi daidai, ita kuma ta ɗan ƙara mai ko ta rage. Amma gyaran nan yana da iyaka. In ƙarin ya doshi kashi 25 cikin 100, sai fitilar gargaɗi ta kama, na'urar bincike ta nuna lamba P0171, ma'ana iska ta rinjayi mai.

Ƙura da hannun bakanike

Daga Nuwamba zuwa Maris hunturu na kwaso ƙura mai laushi daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ga kuma turɓayar hanyoyin fadama da ake bi zuwa ƙauyukan Guri da Kirikasamma da Auyo. Matatar da aka yi ta busawa da famfon faci har ta yage, ko aka cire ta ɗungum wai don mota ta numfasa, ba ta tare komai. Ƙurar sai ta lulluɓe wayar nan kamar mayafi, iska ta kasa sanyaya ta sosai, kwamfuta ta ɗauka iskar kaɗan ce, ta rage mai. A silo ba a gane komai. Sai an lafta wa motar buhunan shinkafa ko kwalayen kifi an hau titin Kano, a taka totur ta ƙi amsawa. A nan ne akan ɗora wa famfon mai laifin da ba nasa ba.

Sauye-sauyen da ake yi da gangan sun fi wannan ɓarna. Wayar ba dukkan iskar take taɓawa ba, ɗan kaso ne, sauran kuma da faɗin bututun ake lissafa shi. Alal misali, in aka cire bututu mai faɗin milimita 60 aka dasa ma'aunin a mai 70, ƙofar ta ƙaru da kashi 36 cikin 100, kwamfuta kuwa ba ta da labari, da tsohon faɗin take aiki. Haka nan in robar da ke tsakanin ma'auni da inji ta tsage aka naɗe ta da leda, iskar da ta shiga ta tsagar ba a ƙidaya ta ba. Injin Kwatano da aka ɗora a kan burenbos na wani injin daban shi ma cikin wannan sahu yake.

Akwai kuma al'adar cire tamostat saboda tsoron zafi. Da hunturu injin kan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, kwamfuta kuwa muddin ta ga inji da sanyi ƙarin mai take bayarwa, kamar an bar cok a jawe. Mai motar ya biya kuɗin cirewa, kullum kuma yana ƙara biya a gidan mai. Na salansa ma bai tsira ba, watau matatar hayaƙin da kanikawa suka laƙaba wa suna indomi saboda ƙananan ramukanta sun yi kama da curin taliyar nan. Wannan suna abin nazari ne ga ɗalibin harshe, domin da ido aka raɗa shi, ba a ari kalmar Turawa ta ainihi ba. Cire ta ba ya ƙara wa mota wani ƙarfin kirki, sai dai ƙarafa masu tsada da ke cikinta su sami mai saye.

Daidaitawa

Gyaran gaskiya da karatu yake farawa. Tun 1996 motocin da aka yi don kasuwar Amurka suna da kafar da ake jona na'urar bincike. Injin 1.8 da ya ɗumama yana zuƙar wajen giram 2 na iska a daƙiƙa in yana silo. In ƙarin man da kwamfuta ke yi ya yi yawa a silo, ya ragu da aka ba ta wuta, to tsaga ce a nemo ta. In kuwa ƙarin na hawa ne tare da gudun inji, wayar ce ta yi datti, ko kuma mai ba ya isowa. Wayar akan wanke ta da feshin da aka yi dominta, ba a taɓa ta da tsinke ko tsumma. Wanda ya sauya faɗin bututu kuwa, dole a sake rubuta jadawalin ma'aunin a cikin kwamfuta, a gwada a kan hanya da kaya, a sake gyarawa. Wanda ba shi da mai yi masa wannan, gara ya mai da bututun asali. Masu cire injekta su dasa kafireta kuwa, a ganina sun sayi sauƙin gyara ne da tsadar mai.

Saura maganar ruwa. Wasu kan saukar da bakin bututun iska ƙasa don ya sha iska mai sanyi. A ƙasar da kogi ke tumbatsa ya shafe hanyoyi, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2020 da ta 2022, wannan ganganci ne. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. Kofi guda in ya shiga silinda inji na gudu ya isa ya lanƙwasa sandar fistin, kuma babu ma'aunin da zai yi gargaɗi kafin hakan ta faru.