Darasi: Kama Hayar Ɗaki a Birnin Abuja

Manufar darasi: Mu san abin da ya kamata a bincika kafin a ba da kuɗin haya, domin kada wahalar gona ta shekara guda ta tafi a banza.

'Yan'uwa, kowace shekara 'ya'yanmu suna zuwa Abuja neman aiki ko karatu. Sau da dama iyaye ne suke sayar da hatsi ko awaki su haɗa kuɗin ɗaki. A ƙauye magana ta baki ta isa, gama kowa ya san kowa. A birni kuwa, abin da aka rubuta shi ne shaida.

1. A lissafta kuɗin gaba ɗaya

A Abuja yawanci ana biyan hayar shekara ɗaya a dunƙule. Ban da wannan akwai la'adar dillali da kuɗin lauya, kowanne yakan kai kashi 10 cikin 100, sai kuma kuɗin ajiya saboda ɓarna. Misali, idan hayar ɗaki naira 500,000 ce, dillali da lauya za su ci 100,000, tun ba a yi maganar katifa, ruwa da wuta ba.

2. A auna tsakiyar gari da bayan gari

Unguwanni irin su Wuse da Garki suna kusa da wuraren aiki, amma hayarsu ta fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci. Shi ya sa da yawa suke zama a Nyanya, Kubwa, Mararraba ta Jihar Nasarawa ko Suleja ta Jihar Neja. Ɗakin can ya fi araha, amma sai a haɗa da kuɗin mota na kullum da awoyin da cunkoso ke cinyewa.

3. A gani da ido, a san mai gidan

Kada a tura kuɗi saboda hoton da aka gani a waya. Akwai macuta masu karɓar kuɗin ɗaki ɗaya daga mutum biyu ko uku su ɓace. A je gidan, a tambayi 'yan hayar da ke ciki wane ne mai gidan, ko ruwa yana shiga da damina, ko akwai bashin wuta a kan mita. A kuma tambaya ko ginin yana da izinin hukuma. Tsakanin 2003 da 2007 an rushe unguwanni da dama a Abuja, har da Idu-Karmo, 'yan haya da yawa suka rasa wurin kwana.

4. A karɓi rasit da takardar yarjejeniya

Takardar ta nuna sunan mai gida, adadin kuɗi, ranar shiga da ranar ƙarewa, da wanda zai yi gyara idan abu ya lalace. A tafi da wani dattijo daga cikin 'yan'uwa mazauna birnin ya zama shaida.

5. A san haƙƙin ɗan haya

Bisa dokar da ke aiki a Abuja, idan yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adi dabam ba, mai biyan haya shekara-shekara sai an ba shi notis na wata 6, mai biya wata-wata kuma notis na wata 1. Bayan haka akwai na kwana 7 kafin a kai shi kotu. Mai gida ba shi da ikon ɓalle ƙofa ko watsar da kaya waje da kansa. Shi ma ɗan haya ya biya a kan lokaci, ya riƙe gidan da amana.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Wa muka sani a birni da zai iya raka yaronmu ganin ɗaki?
2. Idan an biya hayar bana da hatsi, da me za a biya ta baɗi?