Darasi Game da Salula: Tsare Lambar Sirri da Tsare Rai

Ya ku ƴan'uwa, darasinmu na wannan fitowa a kan salula yake. Tun daga 2001, lokacin da kamfanin Celtel ya fara aiki a Nijar, wannan na'ura ta yi ta yaɗuwa har ta shiga aljihun malami da manomi, daga Yamai zuwa ƙauyukan Damagaram. A yau ita ce wasiƙarmu, ita ce kuma asusunmu. Abin da ya zama asusu kuwa, ɓarawo ba ya ɗauke ido daga kansa.

Ku sani cewa mazambacin salula ba ya fasa ƙofa, mai gida ne ke miƙa masa makulli da hannunsa. Zai bugo maka cikin ladabi, ya yi sallama, ya ce shi ma'aikacin kamfani ne, ko ya ce ka ci kyauta a gasar da ba ka taɓa shiga ba, sa'an nan ya nemi lambarka ta sirri domin wai a kammala aiki. Ma'aikacin gaskiya ba ya tambayar wannan lamba, domin ba ya bukatarta. Wani kuma saƙo zai turo mai kama da na shigowar kuɗi, ya biyo da kira yana kuka, wai jika hamsin ya turo bisa kuskure, a taimaka a mayar masa. A nan ne mutanen kirki suka fi faɗawa, saboda tsoron cin haƙƙin wani. To, tsoron yana da kyau, amma a fara duba abin da ke cikin asusu. Idan kuɗin bai ƙaru ba, babu abin da za a mayar.

Haka yake ga WhatsApp. Lambobi 6 da ke zuwa ta saƙo su ne makullin shafinka. Wanda ya karɓe su ya karɓe sunanka, ya shiga roƙon danginka na Kano da Abijan kuɗin asibiti da bakinka. Don haka idan ɗan'uwa ya nemi kuɗi a rubuce, ka kira shi ka ji muryarsa, ka tambaye shi abin da ku biyu kaɗai kuka sani. Wanda bai iya karatu ba, ya zaɓi mutum ɗaya amintacce cikin gidansa ya riƙa duba masa, kada ya riƙa faɗin lambarsa da ƙarfi a shagon tura kuɗi. Shekarar haihuwa da 1234 ba sirri ba ne.

Sai batun hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa direban da ke amfani da salula yana tuƙi, haɗarinsa ya ninka kusan sau 4. Ku lissafa da kanku: mai kabu-kabu da ke gudun kilomita 50 a awa yana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya. Idan ya duƙa daƙiƙa 3 yana duba wanda ya kira, ya shafe sama da mita 40 a makance, da fasinja a bayansa, ga yara ƴan makaranta a bakin titi. Fasinja yana da ikon cewa a tsaya.

Batir kuma ba ya son zafi, ga shi a watannin Afrilu da Mayu zafin Tawa da Maraɗi yakan haura digiri 40. Kada a bar salula a rana ko cikin mota a rufe, kada a sa ta caji ƙarƙashin matashi. Wadda batirinta ya kumbura a daina aiki da ita, kada a huda shi, domin yana iya kamawa da wuta. Lambar ƴan sanda 17 ce, ta ƴan kwana-kwana 18. A koya wa yara da matan gida su haddace su.